Mai Babban Goge Bai Zo Ba

Zuwa ga Yaya Is'haƙa, Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jikin Inno? Ina Safiyatu da yara? Allah shi sa gero ya yi kyau bana.

Ni lafiya lau nike nan Italiya. Ina aiki ga wani babban ɗakin kiɗa. Shara ce dai, amma ban taɓa cin na kowa ba.

Akwai mutum biyu da ke gwajin kiɗa nan kullum da gogen Turawa: ƙarami mai siririyar murya kamar kukumata, da babba mai kauri kamar gogenka. Sonata suke ce ma kiɗin, wai ya kusa shekara ɗari. Ƙarami shi kira, babba shi amsa. Har ƙaro suke shafa ma izga, kamar yadda Baba ya koya muna.

Ranar Laraba mai babban bai zo ba. Ɗayan ya yi nashi shi kaɗai. In ya kawo gurbin ɗan'uwanshi sai shi tsaya, shi jira, sannan shi ci gaba. Na aje tsintsiya, na kasa ɗauka.

Ban manta abin da na ce ba ranar da na fasa kukumata tsakiyar kasuwar garin Isa: ni ɗan kasuwa ne, ba ni da ɗan'uwa maroƙi. Shekara tara ke nan ba ka ɗaukar wayata, shi ya sa na aiko Kalilu, ɗan garinmu da za shi gida, da wagga takarda. Takarduna na izinin zama ba su fito ba, ban san ran da za ni dawo ba.

Ban saba ba da haƙuri ba, ka sani. Amma ka amsa, Yaya, ko da zagi ne.

Ƙanenka,
Ɗanmusa