Famfarar Tsigi

Litinin, 3 ga Maris

Haƙorin Tsigi na ƙasa ya fara motsi, kuma ba ni na gani ba. Da na tashi daga gidan burodi na biya ɗauko ta, Yaya ta tare ni tun daga ƙofa: "Albishirinki, 'yarmu ta fara famfara." 'Yarmu. Na ce ma sha Allah, na sha mur.

Haka aka yi tana wata bakwai. Ina can ina cuɗa fulawa haƙorin farko ya huda dasashi, Yaya ta ji shi yana ƙwas-ƙwas a jikin cokali. Ni labari na samu. Shi ne wannan da zai fita, kuma wallahi a hannuna zai fita.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce ta buɗe baki in gani, ta damtse leɓe. "Inna ce kaɗai take taɓawa." Inna, wato Yaya. Ni da na yi naƙudarta!

Gaskiya Yaya ta iya. Ita ta cire mana haƙora mu duka a gidanmu. Sai ta naɗe gefen hankici a yatsa, ta jefo maka tambayar shirme, wai kifi yana jin ƙishirwa? Kana cikin tunani sai ka ga haƙorinka a tafin hannunta. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba don ita ba da ban iya zuwa aiki ba. Na san duk wannan. Kishi nake yi duk da haka.

Asabar, 8 ga Maris

Ina wanke mata baki na hango sabon haƙori ya leƙo ta bayan tsohon, sun yi layi biyu. Na tsorata, amma har da daɗi, tunda ni na fara gani. Nan take na kira Yaya. Ta ce, "Au, wannan? Ai tun shekaranjiya." Na kashe wayar ba sallama.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gwada. Na naɗe hankici, na yi mata tambaya, na fizga. Ihu, jini, haƙori yana nan daram. Ba ta kira Umma ba, Inna ta yi ta kira. Babanta ya ɗauke ta yana cewa, "Ke da yayarki kuke gasa, bakin yarinya yake biya." Ban ci abinci ba.

Talata, 11 ga Maris

Likitan haƙori. Yaya ta biyo mu ba da gayyata ba, kuma hannunta Tsigi ta riƙe. Likita ya duba ya ce babu komai. Wai sabon haƙorin ne yake cinye saiwar tsohon a hankali har ya saki, to nata ya ɗan kauce ta baya, shi ya sa tsohon yake da sauran riƙo. A bar ta ta riƙa wasa da shi, in ya fita harshe zai turo sabon gaba. Ya nuna mana turame sun fara fitowa can ciki, ya ce waɗannan na dindindin ne, ba sa canza kowa, a kula da wanke su. Ko Yaya ba ta san da su ba. Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina.

Sai ya tambaya, "Wa ya ja shi da ƙarfi haka?" Kafin in buɗe baki Yaya ta ce, "Tuntuɓe ta yi." Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Laraba, 19 ga Maris

Haƙorin yana reto, ko numfashi ta yi sai ya kaɗa. Me Yaya take jira?

Alhamis, 20 ga Maris

Tsigi ta ce ta roƙi Inna ta cire, Inna ta ce hannunta yana ciwo. Hannun da na tarar tana matse bargo da shi jiya.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya ta zo da hantsi. Ta ja ni gefe: "Ya nuna. Kar ki kalli haƙorin, idonta za ki kalla. Murɗawa ake yi, ba ja ba." Ta ce za ta duba shanyata, ta fita, alhali ban yi wanki ba.

Na tambayi Tsigi ko sauro yana da kaka. Ta ɗaga ido tana tunani. Sai ga shi a hannuna, ɗan mitsitsi, ba saiwa ko kaɗan. Ni na cire! Ta warce shi ta ruga waje tana "Inna! Inna!" Na bi ta da niyyar jin haushi, sai na tarar da Yaya tsaye gaban igiyar da babu komai a kai, tana goge ido da gefen mayafi. Na koma ciki.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na kusa da shi ma ya fara motsi. Ni na fara gani, ban taɓa ba. Na ce wa Tsigi gobe ta nuna wa Innarta, in ya nuna ta cire mata. Aiki ne ya yi mini yawa a watan nan, ba wani abu ba.