Irin Kinwa da Gonar Gindin Gawo

Da sunan Allah. Ni Isha'aku ɗan Nomau, mazaunin Karantina a Jidda, na rubuta wannan a watan Sha'aban na 1432, ina cikin hankalina. Ƙafafu ne kawai suka riga ni yin sallama. Zuwa ga 'ya'yana, Abdulghani da Badaru da Luba.

Shekara goma ke nan, ina gadin sito a tashar jiragen ruwa, wani direba ɗan Maroko ya ce mini wai akwai wani hatsi mai suna kinwa, ana gwada shuka shi tsakanin layukan zaitun inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Wai ɓawonsa ɗaci gare shi, tsuntsu ba ya son sa. Dariya na yi. A hannun kaka mai tatsuniya na tashi, na san labarin da aka ƙara wa gishiri. Ni da fari da tsuntsayen jan-baki suka koro daga ƙasar Madawa a 1975, na zo Hajji na maƙale, ni za a gaya wa akwai hatsin da tsuntsu ke ƙi? Daga baya na sake ji a bakin mutum biyu, ban daina dariya ba, amma na daina mantawa.

Na ɗaya. A binne ni nan, inda aka binne mahaifiyarku Tani. Ɗan abin da na bari, malami ya raba yadda shari'a ta ce. Ba zai sha wahala ba.

Na biyu. Gonar da na gada a gida, kada a sayar sai an ba ta damina uku. Roƙo ne, domin in na tafi taku ce. Abdulghani, na ji ka ce halas, a sayar a huta. Ban ga laifinka ba, ba ka taɓa ganinta ba. Itacen gawo bakwai ne a cikinta. Da damina sukan zubar da ganye su bar wa gero rana, da rani su yi wa mutum inuwa. Shekara talatin da shida ban shaƙi ƙamshin ruwan farko a gindinsu ba. Iƙamarku, izinin zamanku a nan, takarda ce a hannun kafili, ubangidan da ya tsaya muku. Ƙasar gonar kuwa babu mai sabunta muku ita duk shekara.

Na uku. Ƙanena Yahya, shi ke noma ta. Shekarun baya ya aiko kaset yana neman izinin sare gawo biyu ya ciyar da gida. Na mayar masa da kaset mai zafi, ni da ke cin shinkafar Jidda. Bai sare ba, bai kuma sake aiko murya ba. Ku durƙusa ku ce masa yayansa ya nemi gafara. Badaru, kai Hausarka ta fi, kai za ka faɗa.

Na huɗu. Gwangwanin madara da ke saman kabad, irin kinwa ne, kada a dafa. Na gwada shi a jiƙaƙƙen tsumma, kwana ɗaya ya yi tsiro. Wanda na shuka a kan soro zafi ya kashe, saboda haka ku jira ƙarshen damina, sanyi ya kusa. Kada ku bari ya shekara a gumin garin nan. Zaitun ba lalle ya yi a wurinmu ba, amma abin da na fahimta shi ne itace a sama, hatsi a ƙasa, mu kuwa da haka muka tashi. Ku shuka tsakanin gawo. In ya yi, a wanke shi har kumfa ta ƙare kafin a ɗora tukunya. In bai yi ba, kun dai taka gonar.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku tafi tare, ku dawo tare, kada teku ta raba ku da dangi yadda ta raba ni.

Gwangwanin kuwa a hannun Luba zai tafi. Ita ce ta ƙarshe da ta ba ni labarin nan. Ta ga hatsin a kicin ɗin gidan da take aiki, ta roƙo tafi ɗaya, ta zuba mini a hannu tana bayani rabi Larabci. Sannan ta tambaye ni, da Hausa, ko gonarmu tana da itatuwa.