Katin da na rubuta wa Baba Ganye

Anti, don Allah ki agaza mini. Ni malamar sakandare ce, ina koyar da ilimin halittu. Na sami damar yin digiri na biyu kyauta, amma sai da wasiƙar shaida daga farfesan da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a. Saura mako biyu a rufe karɓar takardu.

Mu ɗalibansa Baba Ganye muke ce masa, a bayan idonsa fa. Anti, ban taɓa ganin mutum irinsa ba. Sai ka tsinko ganye guda ka miƙa masa, ya murza, ya shinshina, ya faɗa maka sunansa da danginsa da watan da yake fure, kamar yana ba ka labarin maƙwabcinsa. Yana da wani ɗaki cike da kabad na ƙarfe, ko'ina warin kafur, cikinsu dubban busassun tsirrai ne, kowanne manne a takarda da ɗan kati mai cewa wa ya tsinko, yaushe, a ina. Mukan shiga ɗakin nan muna rage murya ba tare da an ce mu rage ba. Dokarsa ɗaya ce: a rubuta wurin da fensir tun ana tsaye a kan tsiron, wanda kuma ya manta, to ya rubuta cewa bai sani ba.

To ni ce na karya dokar. Mun fita daji kwana uku, ni sarkin gaggawa na rubuta da biro, ruwan sama ya jiƙa littafin, shafi guda ya dame. A shafin akwai bayanin wani ɗan tsiro mai shuɗin fure da Baba ya yi ta juyawa yana murmushi. Da ya tambayi wurin, kunya ta hana ni cewa na manta, sai kawai na rubuta gindin dutse a katin tsiron, shi kuma ya sa hannu a ƙasa. Bayan na gama makaranta da shekara guda ina share hotuna a tsohuwar wayata, sai ga ni tsugune da tsiron a bakin wani rafi, bayan masaukinmu, tafiyar fiye da awa guda a mota daga dutsen. Tun ranar ban ƙara gaishe shi ba. Shekara tara, Anti! Ko da na ji ya yi jinya ban iya ɗaga waya ba.

Mijina ne ya matsa mini na aika masa imel, yana ta tsokanata wai tsoho mai ɗalibai dubu ina zai tuna da ni. Washegari sai ga amsa. Ya tuna sunana, ya tuna a kujerar bakin taga nake zama, har lambar takardar tsiron ya kawo. Ya ce har yau ita kaɗai ce shaidar cewa tsiron yana fitowa a yankin, kuma sau huɗu yana komawa gindin dutsen da sandarsa bai same shi ba, yana fargabar ya ƙare. Ya ce in zo ofis ranar Talata. Wallahi da na karanta sai na zauna a ɗakin malamai ina hawaye. Wane irin kai Allah ya ba bawan nan?

Ga shi a fom ɗin da zai cike tare da wasiƙar akwai tambaya kan gaskiyata a aikin bincike. Mijina ya ce in karɓi wasiƙar tukuna, in faɗa daga baya. Yayata ta ce in rufe bakina har abada, ciyawa ce fa. Ni kuwa ina son karatun nan kamar raina, kuma ina jin tsoron idon Baba. Yaya zan yi?

Ƙanwarki mai littafin da ya jiƙe

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, ni ma Baban nan naki ya cika mini ido. Share hawayenki mu yi magana.

Tsoronki yana da dalili. Kina iya faɗa masa ransa ya ɓaci, ya ce ba zai rubuta ba, kuma ba wanda zai ce ya zalunce ki. Mijinki da yayarki ba mugunta suke nufi ba, damarki suke tsare miki. Sai dai shawarar mijinki tana da rami: ranar da kika faɗa daga baya, Baba zai gane kin sa shi ya shaidi gaskiyarki alhali kina riƙe da hoton a jaka. Kuskuren farko na yarinya ce mai jin kunya. Wannan na biyun na babbar mace ne da ta zauna ta tsara, kuma shi ya fi wuyar yafewa.

Ga abin da za ki yi. Yau ɗin nan ki nemi wani malamin da ya koyar da ke, ki tambayi masu ba da karatun ko za su karɓi wasiƙarsa, don kada ki shiga ofishin Baba da wuƙa a wuya. Ki wanke hoton, ki rubuta kwanan watansa da duk abin da kika tuna na hanyar rafin. Ranar Talata, bayan gaisuwa da yi masa ya jiki, ki ajiye hoton a tebur kafin maganar wasiƙa ta taso. Ki faɗa a taƙaice, ban da kame-kame, ban da ɗora wa ruwan sama laifi. Ki ba shi haƙuri kan katin, kan sahunsa huɗu zuwa dutsen, da kan shirun shekara tara. Sannan ki ce masa in ya ga ba zai iya rubutawa ba, kin fahimta. Ki bar masa zaɓi.

Ba zan yi miki alkawarin wasiƙa ba. Amma mutumin da ya koya muku rubuta "ban sani ba" ya san nauyin gyara kuskure, kuma ina kyautata zaton abin da zai gani ranar Talata shi zai rubuta a fom ɗin.

Ki daina kallon kanki kaɗai a zancen nan. Tsoho yana hawa dutse da sanda yana makokin tsiron da wataƙila yana nan yana fure a bakin rafi, kuma duk duniya ke kaɗai kika san hanya. Kai masa, ki tafi da fensir. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki karatun nan cikin alheri.

Antinki