Hotonki Na Farko, Inna

Zuwa ga Innata, wadda ke kwance a maƙabartar Ƙarfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke an sa ranar aurena. Da an gama cirar auduga za a ɗaura. Sunansa Sani, mutumin Funtuwa ne, akawu a wani kamfanin gurzar auduga. Baba ya yaba da hankalinsa. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Malumfashi kamar yadda kika so, ko da yake ba ki ga ranar da na fara riƙe alli ba.

Amma ba albishir kaɗai ya sa na zauna rubuta miki ba. Inna, saura kaɗan in zubar da gadon da kika bar mini, ban ma san gado ba ne.

Kin san jikin da kika haife ni da shi. Tun ina ƙarama ake ce mini Lukuta, a kwaleji kuma 'yan ɗakinmu suka ƙara da Buhun Masara. Ban taɓa sa abin a raina ba. A Ƙarfi idan mace ta cika, cewa ake yi gidansu akwai hatsi, shi ke nan.

Sai yayar Sani, Anti Rabi, ta zo daga Kaduna da riga da siket na leshi, an riga an ɗinke su, wai na ɗaukar hoto ranar biki. A gaban ƙawayena ta sa na gwada. Zif ɗin ya hau rabin baya ya tsaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai taya akuya, ta ce, "Wannan ai jikin ƙauye ne. Matan ma'aikata yanzu ba haka suke ba, ga shi hoto ƙara mutum yake yi. Kafin biki ki rage." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Da suka watse na zagaya bayan ɗaki na yi kuka.

Daga ranar na yi sallama da tuwo. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana ɗan kwaɗon rama ba ƙuli. Gwaggo kuwa, wadda ta tsaya a madadinki wajen gyaran amarya, tana ta aiko mini da fura da soyayyar kaza daga gida, ni kuma ina miƙa wa maƙwabta. Can ana ƙara ni, nan ana rage ni, babu wanda ya tambaye ni. Jiri ya fara ɗibana a gaban allo har sai na dafa tebur. Na gaya wa Sani, ya ce, "Ai kin san halin Anti, ki lallaɓa ta." Na ci gaba da lallaɓawa, zif ɗin ya ci gaba da hawa.

Inna, ba ki bar hoto ba. Ina tuna Sallar da mai hoto ya shigo Ƙarfi da akwatinsa, Baba ya kira shi gida, kika ruga ɗaki don kunya kika ƙi fitowa har ya gaji ya tafi. Damina na zagayowa kika rasu. Yanzu muryarki ta soma ɓace mini, fuskarki ma sai na runtse ido da ƙarfi kafin ta zo, kuma wannan yana ba ni tsoro ƙwarai.

Ni ce 'yar farinki, ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan," haka kike cewa, kina kallon wani wuri. Amma idan an kwashe tuwo, babbar malmala gabana take tsayawa, ki turo ta da bayan hannu kamar ba da gangan ba. Ban manta faɗin bayanki ba idan kina daka, da yadda nake jingina da shi a gona lokacin hutu, ki yi kamar ba ki ji ni ba, ba ki kuma matsa ba.

Kin tuna Iya Delu mai fura, aminiyarki. Duk ranar kasuwar da na je gida, tun daga nesa take ƙwala mini kira da sunanki. Ta kama damtsena ta matsa, ta ce, "Ga ta nan, har tafiyar, har kafaɗar." A da kunya abin yake ba ni, in roƙe ta ta rage murya.

Wata ranar kasuwa a kwanakin baya na je na tsaya a gaban ƙwaryarta. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malama, a dama miki?" Na tsaya ina jiran ta gane ni, ba ta gane ba. Da na faɗi ko ni wace ce, ta ajiye ludayi ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "'Yar nan, ina kika kai mini ƙawata? A jikinki kaɗai nake ganinta."

A nan tsakiyar kasuwa na durƙusa. Sai a lokacin na fahimci abin da ke sa Baba ya yanke magana idan na gifta tsakar gida da tulu a kai. Ashe hotonki ɗaya ne ya rage a duniya, ni ke ɗauke da shi, ni ce kuma nake goge shi da lemun tsami don wata riga ta shige ni. Iya Delu ta dama mini fura mai kauri, ta tsaya a kaina har na shanye.

Na naɗe leshin na ba Sani ya mayar. Ya ce, "Ni fa ban taɓa cewa ki rage ba." Na ce masa bai kuma taɓa cewa in bari ba. Ya ɗauka ya tafi. Anti Rabi ta aiko cewa ta zare hannunta daga bikin. Ba zan ɓoye miki ba, Inna, ina son yaron nan, kuma shiga dangin da babbar yaya ke fushi da ke ba ƙaramin abu ba ne. Na yi kwanaki ban san ko auren na nan ba. Ranar Juma'a sai ga shi da turmin atamfa ba a yanka ba, ya ajiye a tabarma, ya ce in kai wa telan da nake so a auna ni. Ita dai Anti har yanzu ba ta huce ba, ban kuma san ranar da za ta huce ba.

Na koma cin tuwo. Jikin yana dawowa a hankali, kamar ya yi fushi ne ana ba shi haƙuri. Ranar biki mai hoto zai zo daga Funtuwa. Wannan karon ba za ki gudu ɗaki ba, Inna. Zan tsaya a gabansa da kafaɗarki da damtsenki da faɗin bayanki, ba zan riƙe numfashi ba. Idan an wanko, na farko na Baba ne, na biyu na Iya Delu.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan kowace malmala da kika turo gabana. Ya ba ni lafiya da zaman lafiya a gidan da zan shiga, ya sanyaya zuciyar wadda na ɓata wa rai. In ya ba ni 'ya mace, ya sa ta ɗauko ki. Amin.

Taki har abada,
wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
wadda ake kira da naki.