Addu'ar da na yi wa kamfanin mota

Laraba da dare, Garwa.

Tari ya hana ni kwanciya, gwiwa ma sai a hankali. Na ji a rediyo wai kamfanin motar da ɗana Sani yake wa aiki a Faransa zai rufe, in gwamnatinsu ba ta tallafa ba. Ni da kullum nake cewa kuɗin talakawa ba na ceton attajirai ba ne, yau a masallaci na ji bakina yana roƙon Allah su tallafa. Maƙwabcina Buba ya ce, "Modibbo, ka zama lauyan masu kuɗi ke nan?" Sannan ya ce zai kawo wayarsa bayan isha'i mu kira Sani. Na dafa shayi, na bar ƙofa a buɗe. Bai zo ba.