Abin da Kurkum Ya Yi a Cikin Kwalba

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da yara. Allah Ya ba matarka sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Gwiwar Gwaggo tana nan yadda ka bar ta, ni kuma ido ya fara gardama.

Ƙanwarmu Auta ta gaya mini ka daina kai matarka asibiti, wai allurar ciwon dajin tana kayar da ita, ka koma dama mata garin kurkum safe da yamma. Da ta yi maka magana, cewa ka yi ai Yaya ya bincika, ya gani da idonsa. Tun da na ji haka, abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ga abin da na gani a ɗakin gwaji na wurin aikinmu. Zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, kamar igiya yake mai tufka biyu, da siririn kwari tsakaninsu. Sinadarin da ke ba kurkum launin rawaya yakan shige kwarin nan ya lafe. Amma a 'yar kwalba na gani, da zaren da aka ciro daga jikin maraƙi. A jikin mutum, hanji kaɗan yake tsotsa, kaɗan ɗin ma hanta ta yi waje da mafi yawansa. Ko yana taɓa ciwon, ban sani ba. Kafin in kai nan fitilar na'urar auna haske ta ƙone. Shekara shida ina rubuta takardar neman wata, ƙarshe aka mai da ɗakin gwajin ma'ajiyar karyayyun kujeru, aka sallame ni daga aiki da kyautar agogon bango.

Laifina ne. Ni nake dawowa gida da yatsu rawaya ina cika baki a gaban marigayi Baba, wai na kusa gano magani. Rabin labarin kuka ji, kunya ta hana ni faɗin sauran. Yau 'yan unguwa Farfesa suke kirana suna ƙunshe dariya, kuma da gaskiyarsu.

Ka mai da ita wurin likitanta ranar Litinin, ka gaya masa yawan abin da take sha, kar ka ɓoye. In ta ƙi, ka karanta mata wannan, ka ce ni da bakina na ce ban gano komai ba.

Gwaggo da uwar yarana suna gaishe ku. Ka gaishe mini da surukarka da ke jinyar. Kar ka ba ni amsa sai kun dawo daga asibiti.

Yayanka.