Na Yi Wa Babur Ɗinki Juye

Mamana,

Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Jiya da kika dawo daga asibiti, tun daga bakin layi na ji injin babur ɗinki yana ƙaras-ƙaras. Da asuba na duba baƙin man, na murza shi a yatsa, ya tsinke kamar ruwa. Laifina ne. Ni na zuba miki mai lamba talatin lokacin sanyi, na manta ban canza ba, ga shi zafin bana ba ya wasa.

Na yi juye, na zuba mai kauri, lamba hamsin. Sauran yana bayan ƙofa a jan galan. Idan na cikin injin ya ragu, da shi za ki ƙara, ko da bakanike ya rantse miki duk ɗaya ne.

A robar wankinki na tari tsohon man. Ki yi haƙuri, zan sayo miki wata.

Na san za ki ce na cika damuwa. Doguwar hanyar nan nake hangowa, rana tsaka, babu inuwa, ke kaɗai kina tura babur.

Babanki